Amsoshin Takardunku: Yaya Ake Buga Bincike A Mujallar Masana Tattalin Arziki?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Ya ce ɗansa da ke karatu a jami'a ya yi bincike kan cinikin hatsi tsakanin Tsamiya da Segbana ta ƙasar Benin, ga shi kuma wasu sun ce ya aika musu kuɗi su buga masa a mujalla cikin mako guda. Yana tambaya, shin ya sayar da shinkafarsa ya biya?

To malam, kada ka yi gaggawar ɗaure buhu tukuna. Ita mujallar masana ba kamar jarida take ba. Ba a sayen fili a cikinta, sai aikin mutum ya ci jarrabawa. A nan Nijeriya akwai irinta tun da daɗewa. Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ta fara fitar da tata mujallar a 1959. Babban Bankin Nijeriya ma yana da tasa.

Ga yadda abin yake tafiya. Da fari sai yaro ya nemi mujallar da ta saba buga irin aikinsa, ya karanta ƙa'idojinta, domin kowace da nata tsari. Sa'an nan ya shirya rubutunsa: taƙaitaccen bayani a sama, sai tambayar da yake son amsawa, sai abin da magabata suka gano, sai yadda ya tattara alƙalumansa, daga ƙarshe kuma sakamako.

Wurin alƙaluman nan ne ake kama mutane. Kai da kake cin kasuwar kan iyaka ka san mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, kuma canjin naira da sefa ba ya zama wuri guda. Dole ya faɗi ma'aunin da ya bi, da ranar kasuwar, da yadda aka yi canji a ranar. In bincikensa ya haɗa da lokacin da gwamnati ta rufe iyakoki a watan Agusta na shekarar 2019, to ya bambanta farashin kafin rufewa da na bayanta. Sunayen 'yan kasuwar da suka ba shi bayani kuwa, amana ce, ba a buga su.

In ya aika, edita zai duba. Idan ya ga aikin bai dace da mujallarsa ba, sai ya mayar nan take. Idan ya dace, sai ya miƙa wa masana biyu ko uku su tantance. Marubuci ba ya sanin su wane ne, kuma a mujallu da yawa su ma ana ɓoye musu sunansa, don kada sanayya ta shiga. Wannan kan ɗauki watanni. Amsa iri uku ce: an karɓa, an ƙi, ko kuwa a gyara a sake aikowa. In aka ce ya gyara, kada ya yi fushi, alama ce an ga alheri a aikin. Amma fa ba a aika rubutu guda wa mujallu biyu lokaci ɗaya.

Ko akwai amfani a wannan wahala? Ƙwarai kuwa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin gero a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, amma sai a 2010 aikin ya fito a mujalla. Ta gano cewa zuwan wayar salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Don an tace aikin ne masu tsara manufa suke kafa hujja da shi.

Batun kuɗi kuwa, gaskiya ne wasu mujallu na kirki suna karɓar kuɗin dubawa ko na bugawa, amma suna rubuta adadin a fili, kuma biya ba ya sa a karɓi aiki. Duk wanda ya yi alkawarin bugawa cikin mako guda, to ba a tantance komai ba, kuma jami'a tana iya ƙin lissafa wannan bugun. Kuɗi sun tafi, aiki ya tafi, don abin da aka riga aka buga wata mujalla ba ta sake karɓarsa.

Saboda haka yaro ya kai sunan mujallar wurin malamin da ke duba aikinsa da kuma ma'aikatan laburaren jami'a. In sun tabbatar da ita, ka taimaka masa. In sun girgiza kai, ka bar shinkafarka a rumbu. Allah Ya ba shi sa'a, amin.