Kimiyyar da ke Kan Teburin Mai Gyaran Waya: Daga Rano da Kibiya Zuwa Farm Centre

Gabatarwa

Tarihin baka ya lissafa Rano cikin Hausa Bakwai, har ana yi mata laƙabi ita da Kano da sarakunan baba, saboda shahararsu a wajen rini. Wato ke nan ƙasa ce da ta saba da sana'ar hannu tun kaka da kakanni. A wannan zamani wata sabuwar sana'a ta samu gindin zama a yankin, ita ce gyaran wayar salula. Duk wanda ya ratsa ta bakin tasha ko kasuwa a Rano ko Kibiya zai ga ɗan teburi cike da wayoyi a warware, matashi ya sunkuya a kai, jama'a kuma suna jira.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin GSM, a watan Agusta kuma kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, Globacom ya biyo baya a 2003. Daga nan waya ta shiga birni da ƙauye. A yau da ita manomi ke jin farashin hatsi, da ita ake tura kuɗi, da ita ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawa. Saboda haka mutuwar waya asara ce ta kuɗi da lokaci, wani sa'in har da sirri.

Idan gyara ya gagara a gida, sai a ce sai Kano. Mai waya ya shiga mota ta Bunkure zuwa birni, ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, ko kuma titin Beirut. Nan zai tarar da cunkoso, kowane mai shago yana kiransa. Wannan maƙala za ta nuna cewa gyara na gaskiya bincike ne irin na kimiyya: a auna tukuna, sannan a canza. Wanda ya fahimci haka ba zai biya kuɗin abin da bai lalace ba.

Me ke cikin waya?

Idan aka buɗe waya za a ga manyan sassa guda huɗu: gilashi, baturi, bakin caji, da allon da masu gyara ke kira inji ko fanel. Wannan allo shimfiɗa ce mai hawa-hawa, an zana mata siraran hanyoyi na jan ƙarfe waɗanda lantarki ke bi. A kansa aka liƙa 'yan ƙananan tubala baƙaƙe da ake kira Ai-Si. Kowannensu yana ƙunshe da ɗimbin taransista, wato makunnan lantarki da ido ba ya iya gani. An ƙirƙiro taransista a 1947 a ɗakunan binciken Bell na Amurka, a 1958 kuma Jack Kilby ya nuna yadda za a haɗa da'irar lantarki sukutum a kan ɗan gutsure guda.

Baya ga waɗannan sassa da hannu ke taɓawa, akwai manhaja, wato jerin umarnin da ke tafiyar da wayar. Tambayar farko da ƙwararren mai gyara ke yi wa kansa ita ce: shin cutar a jikin kayan take, ko a manhaja? Maganin wannan daban, na wancan daban.

A auna kafin a canza

A ɗauki misalin wani manomi daga Tarai ta ƙasar Kibiya wanda wayarsa ta daina caji. Alamar ɗaya ce, amma abubuwa shida ne za su iya haddasa ta: soket, kan caja, igiyar caja, bakin caji, baturi, ko Ai-Si mai kula da caji. Mai gyara da ya san aikinsa yakan fara daga mafi arha zuwa mafi tsada, yana canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wannan ita ce ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje, domin idan aka canza abu biyu a lokaci guda, ba za a san wanda ya kawo bambanci ba.

Babban makamin wannan bincike shi ne mita, na'urar da ke auna ƙarfin lantarki da bolt, gudunsa da amfiya, da kuma turjiyar hanyar da yake bi da om. Dangantakar waɗannan uku wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya bayyana ta a 1827: ƙarfi daidai yake da gudu sau turjiya.

Ga yadda dokar ke aiki a kan matsalar manomin. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, caja ta yau da kullum kuma tana sauko da ita zuwa bolt 5. Yawancin baturan waya suna bukatar aƙalla bolt 4.2 kafin su cika. A ce igiyar cajar mai arha ce, jan ƙarfen cikinta siriri, turjiyarta rabin om. Idan amfiya 2 ta bi ta cikinta, 2 sau 0.5 ya ba da bolt 1 da zai salwanta a hanya ya koma zafi. Abin da zai isa waya bolt 4 ne kacal. Sai wayar ta rage yawan wutar da take ja, caji ya yi ta jan ƙafa. A nan baturi ba shi da laifi. Da manomin ya ari igiyar maƙwabci ya gwada, da ya huta da kuɗin mota zuwa Kano. Araha dai ba ta ado.

Maƙiyan waya guda huɗu

Na farko shi ne zafi. Baturin waya na sinadarin litiyam ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Masana uku da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019. Irin wannan baturi yana tsufa: bayan cikawa da ƙarewa kamar sau 300 zuwa 500, yawancinsu kan koma riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da suke ɗauka da farko. Zafi yana gaggauta wannan tsufa. Masu ƙera waya na ba da shawarar kada a yi amfani da ita a zafin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40. Idan baturi ya kumbura har ya ɗaga murfi, iskar gas ce ta taru a cikinsa. Huda shi ko danne shi na iya tayar da wuta, don haka maganinsa canji ne kawai.

Na biyu ƙura. Lokacin hunturu ƙura da zaren aljihu kan dunƙule a bakin caji, su hana kan igiya zama daidai. Sau da yawa gyaran bai wuce a kashe waya a share bakin da tsinken itace a hankali ba. Bushewar iskar hunturu kuma tana sa lantarkin gogayya ya taru a jikin mutum, irin wanda ke sa bargo ƙyasƙyas da dare. Wannan tartsatsi yakan kai dubban bolt, kuma ya isa ya kashe Ai-Si. Shi ya sa ƙwararru ke taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin su ɗauki inji.

Na uku ruwa. Ruwan rijiya da na sama da gumi duk suna ɗauke da narkakkun gishirori masu ba lantarki hanya. Muddin baturi na haɗe, lantarki zai riƙa bi ta ruwan daga wannan hanya zuwa waccan, yana cinye jan ƙarfe, har a ga wani koren tsatsa ya fito. Abin yi shi ne a kashe wayar nan take, kada a sa ta caji, a kai ta inda za a cire baturi a wanke injin da sinadarin aisofurofil mai saurin bushewa. Binne waya cikin shinkafa ba ya cire gishirin da ya riga ya kwanta, ɓata lokaci ne kawai.

Na huɗu wuta mai hawa da sauka. A ƙauyuka da dama jama'a sun dogara da masu cajin haya, waɗanda ke amfani da ƙaramin janareta ko sola. Ƙarfin wutar ƙaramin janareta kan yi tsalle yayin tayarwa ko lokacin da mai ke ƙarewa. Caja mai inganci tana da abin da ke tare wannan tsalle, jabu kuwa sai ta miƙa shi ga waya.

Idan tafiya birni ta zama dole

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin teburin bakin tasha, kamar canza Ai-Si. Wannan yana bukatar madubin ƙara girman abu da na'urar hura iska mai zafi. Likin gargajiya, haɗin kuza da dalma, yana fara narkewa a digiri 183, amma wayoyin zamani da liki marar dalma ake haɗa su, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. Idan hannu bai ƙware ba, zafin da aka nufi Ai-Si ɗaya da shi zai sassauta na kusa. Daga nan ne ake samun wayar da ta je da cuta ɗaya ta dawo da uku.

Saboda haka akwai matakan da ya kamata mai waya ya ɗauka. Tun a gida ya danna *#06# ya rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke bambanta wayarsa da kowace waya, ya kuma riƙe rasidin saye. Ya kwafe lambobi da hotuna zuwa wani wuri. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Salla, a watan Yuni na 2025, ta cinye shaguna masu yawa, ta nuna cewa kayan da aka bari a shago ma na iya salwanta. Kafin ya miƙa wayar ya cire layi da katin ajiya, domin layin da ke haɗe da asusun banki tamkar makullin rumbu ne. Ba a ba mai gyara lambar sirri ta banki ko da wane dalili.

A shago kuwa, ya yi bayani irin na mai ba da shaida. Cewa "ta mutu kawai" ba ya taimakon kowa. Ya faɗi ranar da abin ya fara, ko ta faɗi ƙasa, ko ta jiƙe, ko wani ya taɓa buɗe ta. Sannan ya yi tambaya cikin ladabi: "Injiniya, me mita ta nuna?" Mai gyara na gari ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan aka ce za a yi filashin, wato sake ɗora manhaja, ya sani cewa galibi hakan na goge duk abin da ke ciki, kuma ba ya warkar da cutar da ke jikin kaya. A yi ciniki kafin a kwance waya, a fayyace ko kayan da za a sa na asali ne ko kwafi, a karɓi takarda, a nemi tsohon kayan da aka cire, a kuma gwada caji da kira da kyamara kafin a bar shago.

Ragowar kaya

Abin da ya ƙi gyaruwa ma yana da hukunci. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsofaffin rediyo da talabijin suna ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Illar dalma ta bayyana a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da ita ta kashe ɗaruruwan yara. Don haka ƙona tsofaffin kayan lantarki a bola, ko barin yara su yi wasa da mataccen baturi, ganganci ne.

Aiki a aji

Malami na iya nuna illar ruwa da kaya masu sauƙi. A samu baturi mai bolt 9, da silin jan ƙarfe biyu, da kofi biyu, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na ruwan gishiri. A haɗa wayoyin da baturi, a tsoma bakinsu cikin kofi ba tare da sun taɓa juna ba, a wuri mai iska. A ruwan gishiri za a ga kumfa a jikin waya ɗaya, ɗayar kuma ta fara cinyewa, ruwan ya canza launi. A tataccen ruwa da ƙyar za a ga wani abu. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da wutar gida.

Kammalawa

Marinan Rano na da ba su zuba baba da toka a karofi da ka, sai da awo da lura. Haka ma gyaran waya. Ɗalibin da ya riƙe dokar Ohm, ya iya karanta mita, ya kuma saba da canza abu ɗaya a kowane gwaji, ya samu tushen sana'ar da za ta ci da shi, ya kuma rage wa mutanen Rurum da Tarai wahalar zuwa birni a kan abin da tsinke ko sabuwar igiya za su magance.