Taki a Cikin Waya: Manomin Kura da Rajistar Gwamnati

A daminar 2012 wani baƙon abu ya shigo garuruwan da ke shan ruwan Tiga: saƙon tes daga gwamnati. Wayar manomi a Kura ko Bunkure za ta yi ƙara, ya miƙa wa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Saƙon na cewa ya je wuri kaza ya karɓi taki buhu biyu, kamfa da yuriya, a rabin kuɗi.

Shirin tallafin taki na GES ke nan, wanda Akinwumi Adesina ya kawo yana ministan noma a zamanin Jonathan, kamfanin Cellulant kuma ya gina manhajarsa. An yi shi ne don a datse hannun 'yan kwangila da 'yan siyasa da suka daɗe suna karkatar da takin tallafi.

Sai dai kafin tes ya iso, dole wani ya riga ya rubuta sunan manomin a fom na takarda, aikin da malaman gona da masu rajista suka bi mazaɓa-mazaɓa suna yi. Dole kuma dillalin taki ya ciwo bashi ya jibge taki a rumfa. Ranar rabo, in sabis ya ɗauke, mutane su yi ta zaman dirshan a rana da waya a hannu, daga ƙarshe a koma duba suna a takardar da aka buga. Wanda ya canza layi, ko ya yi rajista da lambar maƙwabcinsa, ya shiga uku. Da gwamnati ta fara jinkirta biyan dillalai kasonta, su ma suka ja baya. Bayan canjin mulki na 2015 shirin ya yi ta lalacewa har ya bi ruwa. Ba manhajar ce ta gaza ba. Waɗanda ke riƙe da ita ne suka saki.

A watan Nuwamban 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. Wannan karon Babban Bankin Najeriya ne uban tafiya, kuma da harshen banki ya zo: asusun ajiya, da lambar BVN wadda aka fara a 2014, da shiga ƙungiya irin RIFAN ta manoman shinkafa. Shugaban ƙungiya ya zama ƙofar shiga. Manomin da ya cika fom shekara uku baya ya sake bin layi, yanzu har da dangwala yatsa. A ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, wani bin layin kuma. Kowace hukuma da kundinta, ba wadda ta gaji na 'yar'uwarta.

Tsohuwar hukuma a yankin kuwa ita ce ta Kogin Hadeja-Jama'are, wadda aka kafa a 1976, shekara biyu bayan kammala madatsar Tiga. Ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an gyara magudanai, an kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su kula da yashe kwalbati da tara kuɗin ruwa.

A wajen waɗannan ƙungiyoyi ne sanin gaskiyar gona yake, kuma da masu tsara kundin manoma a Abuja za su faro daga nan, da sun rage wa kansu wahala. Domin a wannan yanki sau da yawa mai gona daban, mai noma ta daban: wani haya ya karɓa, wani aro, wani jingina. Kwamfuta na riƙe da sunan mai filin, ko da ya koma Kano yana kasuwanci. Sakataren ƙungiyar ruwa shi ya san wanda ya dasa shinkafa a wannan fegin bana, ya kuma san wanda zai zuba tumatir a ciki da rani ya kai kasuwar Kwanar Gafan.