Kwalliyar amarya: ba kowace hoda ce ta kowace fuska ba

Kakar bara, da aka gama yankan hatsi aka shiga bukukuwa, wata daga cikin matan asusunmu a yankin Agiye ta ɗauki bashin jika goma sha biyar don kwalliyar ɗiyarta. Aka kira mai kwalliya daga birni, ta zo da jakarta cike da kaya. Da aka fito da amarya tsakar gida sai guɗa ta tsaya a wuyan mutane. Yarinya baƙa kyakkyawa, amma fuskar ta yi fari fat kamar an bula mata toka, wuya da hannuwa kuma suna nan da kalarsu. Kakarta ta ce, "Wannan ɗiyar wa kuka kawo mini?" Aka yi dariya, amma amarya ta shige ɗaka tana kuka. Hotunan suna nan har yau, uwar kuwa wata huɗu ta yi tana biyan bashin.

Tun 1991 da aka kafa tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, mun saba da lissafin kowace dala da ta fita daga akwati. Shi ya sa abin ya tsaya mana a rai. Kuɗin zubi ne, ba na tsintuwa ba.

Wata ɗiyarmu da ke karatu a Maraɗi ita ta nuna mana wata dubara a wayarta. Turawa suna raba kalar mutane gida huɗu, suna kiran kowane gida da sunan lokacin shekara na ƙasarsu. Wata Ba'amurkiya, Carole Jackson, ita ta yaɗa abin a 1980 da littafinta mai suna Color Me Beautiful, yanzu kuma ya sake tashe a Koriya ta Kudu, inda ake biyan kuɗi don a gwada wa mutum. Gida biyu na masu fata mai ɗumi ne, wato wadda in ka dube ta da kyau za ka ga rawaya ko ruwan zuma a ƙarƙashinta. Biyu kuma na masu fata mai sanyi, wadda ƙarƙashinta ya karkata ga ja ko shuɗi. A kowane ɓangare akwai masu son kala mai laushi da masu son mai ƙarfi.

Da farko mun yi tsaki. Ina ruwan matar Gazawa da lokacin saukar ƙanƙara? Kuma an daɗe ana kukan cewa tsarin na farko kusan duk baƙar mace gida ɗaya ya tura ta, sai ka ce baƙar fata iri guda ce. Mu da muke da baƙa, da wankan tarwaɗa, da ja, da fara, a cikin gida ɗaya ma. Amma da muka gwada sai muka ga akwai abin ɗauka a ciki, in an bar sunayen nasu can.

Ranar zubi kowa ta zo da zannuwa da kallabai. Muka zauna a inuwar bishiya da hantsi, don hasken ɗaka ko na fitila yana ruɗin ido. Mace ta wanke fuska tas, a rufe mata kai da farin kallabi, sannan a dinga kanga mata zane a ƙarƙashin haɓa ɗaya bayan ɗaya. Ba zanen ake duba ba, fuskar ake dubawa. Wani zanen in an sa, ido ya yi haske, tabo ya ɓuya. Wani kuma sai ka ga mace ta yi kamar wadda ta tashi daga masassara. Mun fara da fari sol da ruwan madara, sannan ruwan goro da ruwan hoda mai ƙarfi, daga ƙarshe ɗan kunnen ruwan zinariya a kunne ɗaya, na azurfa a ɗayan.

Abin ya ba mu mamaki. Mata biyu da kowa ke cewa kalarsu ɗaya, ma'ajiyarmu da mai riƙon mabuɗi, sai ga shi sun rabu. Ma'ajiya ruwan goro, ruwan ƙasa, kore irin na ganyen kuka da zinariya suka karɓe ta. Ita muka sa wa gidanta suna kaka, kalar hatsi in ya nuna. Mai mabuɗi kuwa ruwan goro ya kashe mata fuska, amma fari sol, shuɗi mai duhu irin na baba, jan zoɓo da azurfa suka fito da ita. Gidanta muka kira hunturu. Yawancinmu cikin waɗannan biyun muka faɗa, ƴan kaɗan masu hasken fata suka fi dacewa da kaloli masu laushi. Akwai kuma biyu da muka yi ta gardama a kansu har aka kira azahar, komai ya karɓe su, muka ƙyale su. A waya ana cewa a duba jijiyar hannu, ko kore ce ko shuɗiya. Mu dai mun duba har ido ya gaji, a baƙar fata ba a ganin komai.

To ina amfanin wannan ga amarya? Na farko jan baki da abin shafa a fatar ido. Mai fata mai ɗumi ta nemi ja mai karkata ga ruwan goro ko ruwan ƙasa, a ido kuma ruwan zinariya. Mai fata mai sanyi ta nemi jan zoɓo ko mai karkata ga shunayya. Haka ma leshi da shadda da mayafin da za a sa a lefe, gara a kanga su a fuskarta tun kafin a kai wa tela.

Amma babbar matsala hoda ce, ta gari da mai ruwa. Nan aka ci amanar ɗiyarmu. Mai kwalliya da yawa kala ɗaya ko biyu gare ta, masu haske, su take shafa wa kowa. Ba a nan kaɗai ba ne: sai a 2017 da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayan Fenty Beauty kala 40 aka ga manyan kamfanoni sun shiga rige-rigen yi wa baƙar fata hoda iri-iri. Waɗannan ba su cika isowa kasuwar Cadawa ko ta Tsibiri ba, kuma ba kuɗinmu ba ne. Abin da za mu iya shi ne gwaji. A ja layi uku na kala uku a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya, ba a bayan hannu ba. A fita waje, a jira ta ɗan sha iska. Wadda ta ɓace cikin fata ita ce taki. In babu, a gauraya mai duhu da mai haske. A yi wannan kwana bakwai kafin buki, ba ranar da mata suka cika gida ba, a kuma ɗauki hoto da waya a gani.

Sai maganar da ba a so a yi. Amare da yawa, wani lokaci mu iyaye muke tura su, suna shiga shafa man bilicin wata biyu kafin aure. Fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, sai a rasa hodar da za ta dace. Irin waɗannan mayukan wasu suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri, ta fito da ƙuraje, daga baya kumatu su yi baƙin tabo mai wuyar fita. Dilka da kurkum da man kaɗe na iyayenmu ba su yi wa kowa haka ba. Baƙin lalle na kwalba ma a ɗiga kaɗan a hannu kwana biyu kafin ƙunshi, don akwai wanda ke ƙona fata.

Lokacin shekara na gaske shi ma a kula da shi. A bazara, watan huɗu da na biyar, hoda mai kauri narkewa take yi kafin a kai amarya, gara kaɗan. Da hunturu fata bushewa take, sai an fara shafa mai tukuna, in ba haka ba hodar ta tsattsage.

A ƙungiyarmu mun yanke cewa duk wadda za ta ɗauki bashin kwalliya ta zo da amaryar ranar zubi a gwada mata zannuwa. Wata ƙanwarmu mai hannu da kyau ta karɓi rance ta sayo hoda kala huɗu, uku masu duhu, kuma tana wanke burushinta bayan kowace amarya, ba ta haɗa wa mutum biyu tsinken kwalli saboda ciwon ido. Ta riga ta yi amare uku. Ƙungiyoyin Gazawa da Gidan Rumji da ke son ganin yadda ake gwajin, su tanadi madubi babba da farin kallabi, za mu zo da sauran zannuwan.