Ƙwayar tazarar haihuwa: abin sani kafin a kama hanya

Jama'a masu sauraro, a shirinmu na lafiya mun taɓo tambayar da mata 'yan kasuwar Aboabo da matan rugage suke yawan aiko mana: ƙwayar tazarar haihuwa, nawa take, kuma tana da illa?

Mu fara da kuɗi, tunda ku 'yan kasuwa ne. A asibitocin gwamnati na nan Tamale da ƙananan ɗakunan CHPS na ƙauye, kati ɗaya na wata guda sidi kaɗan ne. A kemis ya fi tsada. Tun Janairun 2022 inshorar NHIS ta ɗauki nauyin allura da abin da ake sakawa a dantse, amma ƙwaya ba ta cikin jerin, ke za ki biya.

Iri biyu ce. Akwai irin su Microgynon da Secure, masu sinadari biyu. Akwai Microlut mai sinadari ɗaya, wadda aka fi ba mai shayarwa don ba ta rage nono. Hajiya, kada ki karɓi ragowar katin ƙawarki. Ki je a auna jininki tukuna. Mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai shekara 35, duk mai sinadari biyu ba tasu ba ce.

To, ga inda gizo ke saƙar ga matafiya. Ƙwayar nan kullum ake sha, ko maigida yana gari ko ya yi nisa da shanu. In ana sha daidai, ko mace 1 cikin 100 ba ta ɗaukar ciki a shekara. Amma yadda mutane suke sha a zahiri, yau an sha gobe an manta, kusan 7 cikin 100 ne. Ki ɗaura ta da abin da ba ya wuce ki, kamar sallar isha'i. Haka ko azumi ya zo ba abin da zai canza. In za ki Paga ko Sankasi sarin kaya, ki tafi da katin da ya fi kwanakin tafiyar, don mota tana lalacewa, boda tana riƙe mutum. Ki adana shi inda rana ba ta duka. In kin manta guda, ki sha da zarar kin tuna, ko da biyu za su haɗu a rana ɗaya. In mantuwar ta kai kwana uku, ki ci gaba da sha, amma a yi amfani da kwaroron roba har kwana 7. Ita Microlut ba ta da wannan haƙurin: jinkirin awa 3 ma mantuwa ne. In kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wata.

Illa fa? Tashin zuciya, ɗan ciwon kai, nauyin nono, ɗigon jini tsakanin al'ada. Yawanci suna lafawa cikin watannin farko. Amma ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi ko gani dishi-dishi, wannan a nufi asibiti nan take. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta faɗa wa nas, don wasunsu suna karya ƙarfin ƙwayar. Kuma ba ta kare kowa daga cutar sanyi ko ƙanjamau.

Malam, kai da kake tsoron za ta hana iyalinka haihuwa har abada, ka kwantar da hankalinka: ba ta taruwa a ciki, da an daina sha ciki na iya shiga. A ganina dai, wadda rabin shekararta a hanya take ko a daji, gara ta tambayi nas batun allurar wata 3, tunda katin NHIS ma ya biya ta.