Gwaza: amfanin da ke son lungun da sauran shuke-shuke suka ƙi

A kusan kowane lambu akwai lungun da mai shi ya haƙura da shi. Ko dai gindin ayaba ne, ko bayan katanga inda rana ba ta leƙawa sai da hantsi, ko gefen rijiya inda ƙasa ba ta bushewa. Tumatir da albasa ba sa yi a nan, masara ma sai ta yi tsawo ta sirance babu ƙwaya. To, irin wannan wuri ne gwaza yake nema.

Manoman kudu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke dasa shi a ƙarƙashin koko da ayaba da kwakwar manja. Faffaɗan ganyensa na iya cin moriyar ɗan hasken da ya ratso ta cikin bishiyoyi. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, duk da cewa doya da rogo sun fi shi suna.

Sai dai kafin a dasa, ya kamata mutum ya san wanne ne a hannunsa, domin abin da ake kira gwaza ko makani a kasuwa iri biyu ne. Na farko asalinsa Asiya. Karan ganyensa yana manne ne daga cikin ganyen, kamar sandar lema, kuma yana jure ruwa har ya kwanta masa a gindi. Na biyun daga nahiyar Amurka ya zo, ganyensa kamar kan mashi, karan kuma a bakin tsagar yake. Wannan danshi kawai yake so. Idan ruwa ya kwanta masa, saiwar ruɓewa take yi. Nan ne masu sabon shiga suke asara: sun ji an ce gwaza na son ruwa, sai su tsoma kowanne a taɓo.

Shi ma na Asiyan yana da nasa ciwon. A 2009 cutar ƙunar ganye ta ɓulla a gonakin Najeriya, daga bisani aka gan ta a Kamaru da Ghana. Ita ce ta durƙusar da noman gwaza a tsibirin Samowa a 1993. Tana farawa da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jikin ganye, su faɗaɗa har ganyen ya lalace cikin 'yan kwanaki, kuma raɓa da yayyafi ne ke yaɗa ta. Wato danshin da gwazan ke so shi ne abin da cutar ke so. Dabarar ita ce a ba shi tazara, kamar mita ɗaya tsakanin gindi da gindi don iska ta ratsa, a riƙa zuba ruwa a ƙasa ba a kan ganye ba, a kuma tsinke duk ganyen da ya nuna alama a fitar da shi daga lambun.

Dashen ba wuya. Ƙananan 'ya'yan da ke jikin uwar ake binnewa, ko a yanko kan uwar da ɗan guntun kara, a rami mai zurfin kamu ɗaya da aka zuba wa ruɓaɓɓen taki. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Yana ɗaukar wata takwas zuwa shekara, kuma idan ganye ya fara rawaya yana kwanciya, lokacin tono ya yi. Abin da aka bari a ƙasa zai sake tsirowa. A wurare kamar Kano da Katsina, inda damina ba ta kai wannan tsawon ba, sai a fadama ko da ban-ruwa. Inuwar ma da iyaka: gindin tsohon mangwaro ya yi duhu da yawa, ganye za a samu, ba saiwa ba.

Ganyen ma ba na yarwa ba ne. Hausawan zangon Kumasi sun san miyar kontomire, wadda da ɗanyen ganyen irin na Amurkan ake yin ta. Amma ko ganye ko saiwa, sai an dafa sosai, domin a jikinsu akwai wasu ƙananan tsinke-tsinke da ido ba ya gani, su ne ke sa ƙaiƙayin maƙogwaro. Mai feraye kuma ta shafa mai a hannu kafin ta ɗauki wuƙa.