Ƙotar Bindigar Maharba: Jarin Da Ake Bari Ya Lalace

A Vimtim, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, tsohuwar bindigar gargajiya ta wuce kayan farauta kawai. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kame garin tare da Mubi, kuma maharba da 'yan banga masu irin waɗannan bindigogi na cikin waɗanda suka taimaki sojoji aka ƙwato Mubi a watan Nuwamba. Don haka ga mai ita, bindigar jari ce.

Abin da ya fi saurin lalacewa a jikinta shi ne ƙota, wato itacen da masassaƙi ya sassaƙa aka ɗora ƙarfen a kai. Da damina itacen yakan sha danshi ya kumbura, da hunturu kuma ya bushe ya tsage. Ragowar albarushi na jawo laima, ga kuma gara idan an jingine ta a bangon ƙasa. Harba bindiga mai tsagaggiyar ƙota kuwa kasada ce ga mai harbin.

Gyaran ba shi da tsada. Bayan an tabbatar babu ɗuri a ciki, sai a goge itacen da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a shafa man linsid kaɗan-kaɗan, a bi da kakin zuma. Baƙin mai na inji, wanda wasu ke shafawa saboda arha, yana ratsa itace ya raunana shi. Shi ya sa ake ajiye bindiga bakinta na kallon ƙasa, domin kada man ƙarfen ya gangaro cikin ƙotar.

Sake sabuwar ƙota ya dogara ga samun itace mai ƙwari irin su maɗobiya, maɗaci da ƙirya. Maɗobiya ta sha sara a Taraba da Adamawa domin fitarwa zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017. Ƙarancinta na nufin adana tsohuwar ƙota ya fi riba.

Ga masu saida mai da kaki da masassaƙa, wannan kasuwa ce, amma Dokar Makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon shardanta lasisi ga mallakar irin wannan bindiga, ta kuma shardanta izini ga masu sana'ar gyaranta.