Intanet Mai Sauri A Karkara: A San Ƙauyen Kafin A Zuba Kuɗin

A watan Oktoban 2025 Bankin Duniya ya amince da bai wa Najeriya rancen dala miliyan 500 domin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000, aikin da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 2. Idan aka kammala, wayar da ƙasar ke da ita za ta tashi daga kimanin kilomita 35,000 zuwa 125,000, kuma manufar ita ce ta taɓa dukkan ƙananan hukumomi 774. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ina cikin masu fatan ya tabbata. Sai dai manomin da ke wani ƙauye a bayan Birnin Gwari ko Gwadabawa, wanda har yau sai ya hau tudu ko ya je gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin ya sami sabis, yana da haƙƙin ya tambaya: idan wayar ta iso hedikwatar ƙaramar hukuma, me zai kawo ta garinmu?

Najeriya ba ta rasa intanet a bakin teku ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa sun daɗe suna sauka a Legas: MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka a 2022, sannan 2Africa, wadda ta sauka har a Akwa Ibom. Abin da waɗannan wayoyi ke iya ɗauka ya fi abin da ƙasar ke amfani da shi nesa ba kusa ba. Wahalar tana farawa ne daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa, kuma tana ƙaruwa da kowace kilomita. Lamarin kamar a jawo babban bututun ruwa zuwa bakin gari ne a tsaya nan. Ruwa ya zo, amma matan unguwa suna nan da tulunansu a bakin rijiya.

Tsarin ƙasa na intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya yi alƙawura a fili. Ya ce zuwa ƙarshen 2025 kashi 70 cikin ɗari na jama'a za su kasance suna amfani da intanet mai sauri, saurin zai kai megabit 25 a sakan guda a birni da 10 a karkara, kuma gigabait ɗaya na data ba zai wuce naira 390 ba. Wa'adin ya cika, alƙaluman hukumar sadarwa ta NCC suna kewayen kashi 50, kuma a watan Janairun 2025 ma an amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50. Shi kansa wannan adadi na rabin jama'a yana buƙatar a dube shi da kyau, domin layuka ake ƙirgawa a raba da yawan al'umma. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai layi uku an lissafa shi mutum uku ke nan, ya cike gurbin mutum biyu na wani ƙauye da ko kiran waya ba ya shiga.

A nan ne maganar bincike ta shigo, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hukumar NCC ta yi ƙoƙari a wannan fanni, bai kamata a tauye mata ba. Binciken da aka yi a 2013 ya gano gungun yankuna 207 da ba su da sabis, inda mutane kimanin miliyan 37 ke zaune. Zuwa 2022 hukumar ta ce sun ragu zuwa 97, da mutane kimanin miliyan 27. Amma taswirar da aka zana daga lissafin injiniya, wadda ke cewa turken sabis kaza ya kamata ya kai nisan kilomita kaza, ba ta san cewa akwai dutse a tsakani ba, ba ta san an sace baturan turken tun bara ba, ba ta kuma san cewa abin da ke isa ƙauyen 2G ne ba, wanda zai ɗauki murya da gajeren saƙo amma ba zai buɗe shafin rajistar jarrabawa ba.

Amurka ta biya kuɗin wannan darasi da tsada, kuma ya dace mu karɓe shi kyauta. Shekaru da dama hukumar sadarwarsu tana dogara da rahoton kamfanoni, inda ake ɗaukar yanki guda na ƙidaya a matsayin mai intanet muddin gida ɗaya a cikinsa yana da shi, ko ma ana iya kai masa. A karkara, inda yanki guda kan yi faɗin gaske, hakan ya ɓoye miliyoyin mutane, tallafi kuma ya riƙa tsallake su. Sai da majalisarsu ta yi doka a 2020 ta tilasta a sake taswirar gida-gida. Da sabuwar taswirar ta fito a watan Nuwamban 2022, an ba jihohi da ƙananan hukumomi da ɗaiɗaikun mutane damar ƙalubalantar ta, kowa ya duba gidansa ya ce an faɗi gaskiya ko ba a faɗa ba. A kan wannan taswira aka raba wa jihohi dala biliyan 42 da ɗoriya a 2023. Shirin nasu ya sha suka saboda jinkiri, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa daidai take: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu abin da zai hana mu buɗe tamu taswirar ga dagatai da shugabannin makarantu da ma'aikatan asibitocin karkara su gyara ta, da Hausa da sauran harsunan da suke ji.

Dalilin da ya sa kamfanoni ba sa zuwa ƙauye ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka fara wayar salula a 2001, kamfani yana kafa turke ne inda zai mayar da kuɗinsa. Babban turke yana buƙatar fili, da janareto, da man dizal dare da rana tunda babu wutar gwamnati, da mai gadi, da hanyar da motar mai za ta bi ko da damina. A ƙauye mai mutum dubu biyu, waɗanda akasarinsu katin naira ɗari ko ɗari biyu suke sakawa, lissafin ba ya fita. Saboda haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin da kamfanonin ke biya, domin a cike wannan giɓi. Asusun ya tallafa wajen kafa turaku, ya kuma gina cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa da dama. Amma duk mai yawo a karkara ya ga irin ɗakunan da aka buɗe da biki da yanka kirtani, bayan shekara biyu kuɗin intanet ya ƙare, batura sun mutu, kwamfutoci sun sha ƙura a bayan ƙofa mai kwaɗo. Tsarinmu na kasafi ya iya biyan kuɗin gini, bai iya biyan kuɗin tafiyarwa ba. Tallafin da za a ba kamfani ya kamata a rataya shi ga sabis ɗin da ke aiki, a riƙa biya kashi-kashi tsawon shekaru bayan an auna an tabbatar, maimakon a biya gaba ɗaya ranar da aka tsayar da ƙarfe.

Fasahar da ta dace da ƙauye ma ta samu. Akwai ƙananan turaku masu aiki da hasken rana kaɗai, irin waɗanda kamfanin Africa Mobile Networks ke kafawa a ƙauyukan Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, suna haɗa su da duniya ta tauraron ɗan'adam. Kuɗinsu bai kama ƙafar na babban turke ba, kuma ba sa shan dizal. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Farashinsa ya fi ƙarfin magidanci ɗaya a karkara, amma na'ura guda da aka ɗora a makaranta ko asibiti, aka rarraba ta da wayfay ga unguwa, wata magana ce daban. Sannan akwai batun zangon iska, wato mitocin da sabis ke tafiya a kansu. Ƙananan zangon da ke kewayen megahaz 700 da 800 suna tafiya nesa suna kuma ratsa bango, don haka turke ɗaya kan rufe fili mai faɗi. Tashoshin talabijin na tsohon yayi ne suka daɗe a wannan yanki, kuma jinkirin da Najeriya ta yi wajen komawa talabijin na dijital, wanda wa'adinsa na duniya ya wuce tun watan Yunin 2015, ya shafi mutumin ƙauyen da bai ma mallaki talabijin ba.

Wace daga cikin waɗannan hanyoyi ta dace da tsaunukan Mambila, wace ta dace da fadamun Haɗeja inda ruwa ke raba gari da gari watanni, wace kuma ta dace da makiyayan da ba sa zama wuri ɗaya? Wannan aikin jami'o'inmu ne. Akwai sassan injiniyan lantarki da sadarwa a Zariya da Kano da Bauchi da Minna, akwai kuɗin bincike a asusun TETFund, ita ma NCC tana ba malaman jami'a tallafin nazari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a ɗauki ƙauye na zahiri a mayar da shi fagen gwaji na shekaru: a auna yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifan sola, yadda zafin bazara ke cinye rayuwar batur, nawa magidanci zai iya biya a wata ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba, kuma wa ke riƙe da wayar a cikin gida. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, ta tafi kasuwa da shi. Turke zai iya tsayawa a tsakiyar gari alhali matan garin ba su taɓa intanet ba. Nazarin ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ya sha nuna cewa a Afirka kudu da Sahara waɗanda sabis ya kai gare su amma ba sa amfani da intanet sun fi waɗanda bai kai wa ba yawa, saboda tsadar waya da ƙarancin karatu da rashin abin da aka tanada da harshensu.

Ba daga sifili za a fara ba. A Kafanchan, gidauniyar Fantsuam ta kafa hanyar intanet ta al'umma mai suna Zittnet tun a shekarun 2000, ta kuma gano da wuri cewa wutar lantarki ce babbar matsala, ta koma ga hasken rana. A Kano, cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasan karkara kan kafa irin waɗannan hanyoyi da kula da su, tana kuma kira da a yi musu tsarin lasisi na musamman. Kiran yana kan hanya. Ƙungiyar gari da ke son haɗa makaranta da asibiti da kasuwa bai kamata a auna ta da ma'aunin da ake auna kamfanin biliyoyi ba, kuma ya kamata ƙofar asusun USPF ta buɗe mata.

Gwamnonin jihohi ma suna da nasu kason, kuma nasu ya fi sauƙi. Tun 2013 aka yi matsaya cewa kuɗin izinin haƙa ramin waya kada ya wuce naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe gaba ɗaya. Jihar da ke tsawwala wannan kuɗi tana samun ɗan abin da za ta samu yau, ta kori wayar daga ƙauyukanta na shekaru. Haka kuma 'yan kwangilar hanya suna tsinka wayoyin da aka riga aka binne sau dubbai a kowace shekara. Umarnin da shugaban ƙasa ya sanya wa hannu a 2024, wanda ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, zai yi amfani ne idan ma'aikatun ayyuka suna sanar da kamfanoni kafin katafila ta shiga.

Wani zai ce mutanen da ke fama da rashin ruwa da taki da tsaro, ina ruwansu da intanet mai sauri? Gwamnati da kanta ta riga ta amsa, domin ta kwashe hidimominta ta mayar can. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an ce kowa ya koma tiransifa, sai ga masu hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye suna karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, saboda na'urar POS ba ta kama sabis. Kuma mutanen Zamfara ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe sadarwa saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don kiran waya guda ko karɓar kuɗin da ɗa ya turo. Abin da suka ɗanɗana na 'yan watanni shi ne rayuwar kullum ta miliyoyin 'yan ƙasa.

Don haka kirana ga 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓun karkara, na tarayya da na jihohi, shi ne su nemi a kawo musu taswirar aikin kilomita 90,000 tun ba a fara haƙa a yankunansu ba, su ga inda wayar za ta bi da inda za ta tsaya, su tambayi nawa aka ware domin tazarar da ke tsakanin hedikwatar ƙaramar hukuma da ƙauyuka, da wanda zai biya kuɗin kula da ita bayan shekara biyar. Rance ne aka ci da sunan kowa, kuma mutumin ƙauye yana cikin masu biya.